Bar-Mini da Tafkin Inna

Mijin yayata mutum ne da tun da nake ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ka kawo masa agogon da ya tsaya, ko akuya mai tari, ko rigimar iyaka tsakanin maƙwabta, amsarsa ɗaya ce. Ya bugi ƙirji ya ce, "Bar mini!" Tun ana kiransa da sunan a bayan idonsa har aka koma kiransa a gabansa, shi kuwa ya ɗauka kirari ne. Ni mai aski ne, kuma na taɓa bar masa injin askina ya gyara. Da ya dawo mini da shi, injin ya daina yanke gashi, tsige shi yake yi, mutum yana zaune yana hawaye. Fankar ɗakinsu kuwa tun da ya taɓa ta take juyawa da baya, sai rufin ɗaki ke shan iska. Duk da haka ba mugu ba ne, wannan zan shaide shi ko'ina. Cika baki ne ya yi masa katutu.

Garinmu ƙarami ne, kuma a kan gangare yake. Duk ruwan da ya sauka a rufin gidaje da tituna yakan bi lambatu ya gangara, ya haɗu a babban kwalbati, ya faɗa ɗan tafkin da ke ƙasan gari kafin ya wuce rafi. Tafkin nan shi Baba ya bar wa Inna. A ciki take kiwon tarwaɗa, a bakinsa kuma agwaginta suke, farare fat, tana ji da su kamar jikoki. Ruwan farko na bara ya kwaso baƙin mai da jinin mahauta da kumfar sabulu da leda ya juye mata, gari ya waye kifin duk sun taso ciki sama. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka irin na ranar ba tun rasuwar Baba. Ta daure ta sake zuba 'ya'yan kifi, amma ta ce wannan ne na ƙarshe. In bana ma suka mutu, za ta tattara komatsanta ta koma wurin babban wanmu can wata uwa duniya, inda sai mu shekara ba mu sa ta a ido ba. Ni da Yaya ko zancen ba ma son ji.

Ana cikin haka sai umarni ya sauko daga ma'aikatar muhalli, wai kowane ƙaramin gari shi ke da alhakin abin da ruwan sama ya kwasa daga titunansa. Dole hukumar gari ta naɗa jami'i, ta yashe lambatu, ta hana zuba ƙazanta a ciki, kuma za a turo sufeto cikin damina ya duba. Ciyaman ya tara ma'aikata ya tambayi wanda zai ɗauki aikin. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Mijin Yaya, wanda aikinsa a ofis buga hatimi ne kawai, ya miƙe daga kujerar baya ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini!"

Aka ba shi takalmin roba mai dogon wuya, da hular kwano, da riga mai ƙyalli, da usur. Ya saka su duka, rana tana dukan kai, ya yi ta kai da kawowa a tsakiyar kasuwa har sai da ya tabbata kowa ya gan shi. Daga nan ya wuce gidan Inna, ya same mu ni da Yaya a can. Ya zo durƙusawa ya gaishe ta, takalmin ya ƙi lanƙwasuwa, sai ga shi zaune daɓas a kan tabarma.

"Inna, albishir na kawo," in ji shi. "Daga yau lambatun garin nan kaf a hannuna suke."

"To, Malam. Allah ya taya riƙo."

"Bana ko ɗigon ƙazanta ba zai taɓa kifinki ba. Ki kwanta ki yi barcinki. Ki bar mini kawai."

Inna ta dubi Yaya, Yaya ta dubi rufin ɗaki. Can Inna ta sa masa albarka, ya tashi ya fita yana ƙwas-ƙwas. Ko bakin titi bai kai ba ta kira Yaya ƙuryar ɗaki, wai ta zo ta zura mata zare a allura. Zura zaren nan ya ɗauki lokaci har na gaji na koma shago.

Washegari ya shigo shagona, ya zauna a kujerar aski ba da niyyar aski ba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ƙanina, kimiyya ce zalla. Muna son ruwa ya wuce, ƙazanta ta tsaya. Me ke tare abu ya bar wani ya wuce?"

"Rariya."

"Tunaninka bai wuce ɗakin girki ba. Gidan sauro!"

"To sauron fa?"

"Sauro ba ya cikin aikina. Wani ofis ne daban."

Ya bi gida gida yana neman gudummawar gidan sauro. Masu kunya suka ba shi yagaggu, marasa kunya suka rufe ƙofa. Da ya ga bai isa ba sai ya koma gidansa ya kwance na ɗakinsu da na ɗakin baƙi. Yaya ta dawo daga unguwa ta tarar da igiyoyi kawai suna lilo.

"Ina gidan saurona sabo?"

"Yana bautar ƙasa."

"To kai ma ka shirya, yau za ka bauta wa sauro."

Haka ya bi bakin kowane kwalbati ya ɗaura masa gidan sauro da waya, ya kafa ƙusa, ya ja baya ya duba, ya yi wa kansa tafi.

Ruwan da ya biyo baya ba wani mai yawa ba ne, da yamma ya sauka. Ina cikin yi wa Mahauci aski, na gama gefe ɗaya ke nan, sai na ji sanyi a idon sawuna. Na duba ƙasa, ga silifas ɗina guda yana fita daga shago shi kaɗai. Ashe leda da robobi da ɓawon rake sun taru sun toshe gidajen sauron tsaf, ruwa ya rasa hanya ya juyo cikin gari. Mahauci ya ɗage ƙafafu sama ya dunƙule a kan kujera. Bencin Mai shayi ya wuce ta ƙofar shago, kofuna biyu a kansa ko girgiza ba sa yi, Mai shayin yana biye yana kiran a tare masa. Muka fito da wanduna a naɗe, sai ga Bar-Mini tsaye a kan babban kwalbati yana hura wa ruwa usur.

"Jama'a, kun gani da idonku!" ya ce. "Ko ɗigo bai isa tafki ba."

"Ina zai isa," in ji Mahauci, rabin kansa tal, rabin kuma daji, "ga shi duk a ɗakina?"

"Katifata ta sha ta ƙoshi," in ji Mai wanki.

"Kowane babban aiki yana da ɗan gyara a farko."

"To gyara shi yanzu, ko mu gyara ka."

Ya ari almakashina ya sunkuya ya datse wayar. Duk abin da ya taru ya ɓalle lokaci guda ya nufi ƙasan gari, almakashin ma ya bi su. Na kwasa da gudu zuwa tafki, ƙafa ɗaya silifas ƙafa ɗaya babu. Na tarar da Inna a ƙarƙashin lema tana watsa wa agwagi dusa, hankalinta kwance. Na zuba wa ruwan ido ina jiran in ga fararen cikuna, amma ko kifi ɗaya bai taso ba.

"Inna, yaya kifin?"

"Suna inda Allah ya ajiye su."

Na yi hamdala. Bar-Mini da ya ji labari sai ya ce ai da ma ya sani, gidajen sauron sun riga sun tace gubar.

Daga nan ya ce matsalar ba ta lambatu ba ce, ta mutane ce, dole a kama mai laifi a kunyata shi. Ya sa mai fenti ya rubuta masa ƙaton allo da jan rubutu: GWARZON ƘAZANTA NA GARI. Ya shiga wurin Ciyaman ya fito da doka, cewa duk wanda aka kama shi ne kan gaba wajen ɓata ruwa, za a rataya allon a ƙofarsa har damina ta wuce, kuma shi zai yashe tafkin da hannunsa. Ya saɓa allon a kafaɗa ya fita zagaye, ni kuma da yake ba ni da almakashi na rufe shago na bi shi kallo.

Da Bakanike ya fara.

"Kai, ina kake zuba baƙin mai?"

"Inda kowa ke zubawa."

"Daga yau an hana."

"Na ji. To ina zan zuba?"

"Wannan ba tambayar da ake yi wa jami'i ba ce."

"In sha ke nan?"

Bar-Mini ya hura masa usur a fuska ya wuce. Mahauci ya ce shi jini ne nasa, kuma jini halittar Allah ne, a je a tuhumi Mai wanki. Mai wanki ya ce shi da ke zuba sabulu ai wanke lambatun yake yi kyauta, kamata ya yi hukuma ta gode masa, a je wurin Marini. Marini ya ce tun kakansa ake rini a nan kifi bai taɓa kai ƙara ba, a koma wurin Bakanike. Kuma kowannensu sai ya rufe da tambaya guda: to ina hukuma ta tanada mana mu zuba? Kowanne kuma amsa guda ya samu, tare da usur. Da yamma Bar-Mini ya dawo da allonsa, kafaɗa ta yi tsami, bai samu ƙofar ratayawa ba.

A kwanakin nan ne ya fara wani irin wari. Ya zo aski na gaske, na matso kusa, na ja da baya.

"Mijin Yaya, ka koma sayar da kifi ne?"

"Ka ji, ko? Kai ma ka ji!" Ya buga hannun kujera. "Ruwan garin nan ya gama lalacewa. Har ruwan wankana ƙarni yake. Na ce wa yayarka bari in buɗe tankin simintin bayan gida in duba, ta ce makullin murfin ya ɓace. Ita ke ɗebo mini a bokiti, ta ƙi nuna mini ta inda take yi. Amma hancina ba ya ƙarya. Hujja ce zan gabatar wa sufeto."

Na fesa masa turare sau biyu ban ƙara masa komai a kai ba, don tausayin wanda zai zauna a kujerar bayansa.

An taɓa tura Bar-Mini taron bita a babban birni, inda ya yi barci daga buɗe taro har rufewa. Sau ɗaya ya farka, daidai lokacin da mai jawabi ke cewa masana kan zuba launi a lambatu don su gano inda ruwansa ke ɓullowa. Daga nan ya koma barcinsa. Wannan guntun da ya tsinta shi ya zama babban shirinsa. Ya je wurin Marini ya ce hukuma na buƙatar garin rini don wani aikin sirri. Marini ya ba shi ja da kore da rawaya da shuɗi, ya kuma haɗa masa da wani ƙaton buhu na ruwan hoda da ya daɗe a lungu babu mai so, yana murna ya rabu da kaya.

"Ga yadda za a yi," Bar-Mini ya raɗa mini, duk da mu biyu ne a shagon. "Ja na Mahauci, kore na Bakanike, rawaya na Mai wanki, shuɗi na Marini. Zan ƙunsa a takarda in cusa a lambatun ƙofar kowa. Ranar da sufeto ya zo, ruwa na sauka, launin da ya fara isa tafki mai shi ne gwarzo."

"Ai kai ka zuba launin, ba su ba."

"Wanda nasa ya riga isowa shi ya fi gaggawar ɓarna."

"Wanda ya fi kusa da tafki dai."

"Ƙanina, ka tsaya a kan askinka."

"Kifin Inna fa? Rini ne fa za ka tura musu."

"Rigar da ke jikinka ba rinanniya ba ce? Ka mutu?"

"To ruwan hodar na wa ne?"

"Ba shi da mai shi. Na ajiye shi wuri mai kyau."

Na ruga wurin Inna na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da tankaɗe. Na ruga wurin Yaya na ce ta tsawata wa mijinta. Ta ce, "Rabu da shi, ya daɗe bai samu abin yi ba." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato ni kaɗai ne a gidan nan ba na son Inna ta tafi. Na je ofis neman Ciyaman, aka ce duk zancen lambatu a ga jami'in lambatu.

Ranar da sufeto ya zo, ashe mace ce, doguwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Hadari ya haɗu tun hantsi, Bar-Mini ya ce ai shi ya zaɓi ranar da gangan. Ya sa aka kafa rumfa daf da bakin babban kwalbati, wai don manya su gani da kyau. Ciyaman ya zo cikin fararen kaya masu sitaci, ya zauna a bayan tebur, Sufeto a gefensa. Gari ya watse, kowa ya gangaro da lema ko buhu a ka. Aka jera Mahauci da Bakanike da Mai wanki da Marini a gaba, allon yana jingine kusa da su. Inna tana can gefe a kan kujerarta 'yar tsugune, Yaya na riƙe mata lema, agwagi suna ta iyo abinsu.

Bar-Mini ya karɓi lasifika ya bayyana shirinsa dalla-dalla, da launin kowa. Mutanen huɗu suka yi ca.

"Wa ya ba ka izinin cusa abu a ƙofata?"

"Ashe da garin rinina za ka kama ni!"

Sufeto ta cire tabarau. "Malam, wane irin launi ka zuba?"

"Na rini, ranki ya daɗe. Mai kyau, ba ya zuba."

"Na rinin tufafi? Wanda ake wannan aiki da shi daban ne, ba ya cutar da komai, kuma cokali guda ya isa. Kai nawa ka zuba?"

"Ban yi rowa ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai sama ta riga ta. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya zuba wa bakin kwalbati ido. Da farko jan ruwan ƙasa ne ya fito, da 'yan ledoji. Mahauci yana ta addu'a a bayyane Allah ya sa kore ne, Bakanike yana amsawa da Allah ya sa ja ne. Can muka ji wani gurnani daga cikin kwalbatin, sai ga shi ya feso ruwan hoda, mai kauri, baƙin mai yana yawo a samansa, da tarkacen shara, da tsohuwar taya, da karyayyar kujerar ofis tana juyi.

Mutanen huɗu suka dubi juna, kowa yana lissafin launinsa.

"Wannan na wane ne?" in ji Sufeto.

Bar-Mini ya yi wuƙi-wuƙi da ido. Ya gyara hular kwano. Ya duba usur ɗinsa kamar amsar na ciki.

"Jami'i, da kai nake. Ko ba ka sani ba ne?"

Da a ce ta zage shi da ya jure. Amma wannan kalma, a gaban gari guda, ga lasifika a bakinsa?

"Ni ne ban sani ba? Ai ni na ajiye buhun da hannuna! Yana bayan ofishinmu, gefen inda ake wanke motar shara ana juye mata baƙin mai. Lambatun wurin ya fi na kowa faɗi, miƙe yake ɗoɗar har nan. Babu abin da ban sani ba a garin nan!"

Lasifikar ta kai maganar har tsallaken tafki. Ciyaman ya juyo a hankali.

"Bayan ofishin wa ka ce?"

Sai a lokacin Bar-Mini ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Gari ya ɗauki ihu. Mahauci ya rungume Bakanike, Mai wanki ya cire hula yana rawa a cikin ruwa. Ni kam ban yi dariya ba, idona na kan tafki, ruwan hoda yana cin sa daga gefe zuwa tsakiya. Sai ga ja ya iso, kore na bin sa, rawaya da shuɗi suka shigo tare. Na ɗaga murya na ce, "Kifin Inna!"

Bar-Mini ya zabura. "Ku bar mini!" Ya fizge teburin gaban Ciyaman, ya diro gangaren, ya kafa shi a bakin kwalbati zai tare ruwa. Ruwan ya daki teburin ya karkata, ya yi tsiri, ya sauka cikin rumfa. Ciyaman ya miƙe zai gudu, santsi ya kwashe shi ya zaunar. Fararen kayan nan suka koma launin da ko Marini ya ce bai san sunansa ba. Sufeto ta samu rabonta daga kafaɗa zuwa ƙasa. Teburin kuwa ya gaji, ya juya, ya ɗauki Bar-Mini ya yi tsakiyar tafki da shi. Ya nutse, ya ɓullo a tsakanin agwagi, shi ruwan hoda su ruwan hoda. Agwagin ba su taɓa ganin irinsa ba, suka rufe shi da sara. Yana son ya yi ihu, usur na bakinsa, sai fiit-fiit kake ji. Bakanike ne ya jefa masa igiyar jan mota, muka taru muka jawo shi, takalmi ɗaya ya tsaya a laka.

Da ya fito bai kalli Ciyaman ba, bai kalli Sufeto ba. Ya rarrafa har gaban Inna ya durƙusa, wannan karon gwiwa ta lanƙwasu. Kuka yake na gaske, hawaye na yanka hanya a cikin rinin fuskarsa. Wallahi duk haushinsa da nake ji sai da ya ba ni tausayi, don ni ma abin da ke cina ke nan.

"Inna, na kashe miki kifi. Na yi alkawari na kasa. Don Allah kada ki tafi."

Inna ta gyara zama. "Waɗanne kifi, Malam?"

"Na cikin tafki."

"Babu ko ɗaya a ciki. Tun ranar da ka ce in bar maka, kafin ka kai bakin titi na aika a kira mai kurar ruwa ya zo da durom a kwashe su."

Ya ɗago kai. "To suna ina?"

"Da ruwansu kake wanka," in ji Yaya. Ta zaro makullin tankin daga bakin zaninta ta kaɗa masa.

Mutanen da ke kusa suka faɗa wa na baya, na baya suka faɗa wa na bayansu, dariya ta yi ta tafiya har kan gangare. Ni kuwa don murna na zauna a cikin laka. Da na dawo hayyacina na ce, "Haba Inna, ni fa? Kuna kallo ina ta ramewa, ba wanda ya faɗa mini?"

"Kai mai aski?" in ji Yaya. "Da kafin la'asar kowane kai a garin nan ya ji."

Sufeto ta matse gefen mayafinta, ta mayar da tabarau, ta ce doka doka ce, kuma Ciyaman ne ya sa mata hannu. Mahauci da Marini suka ɗauki allon, gari ya rufa musu baya, aka je aka rataya shi a ƙofar ofishin hukuma. A makon nan mun ga abin da ba mu taɓa gani ba, Ciyaman da ma'aikatansa da wanduna a naɗe suna yashe tafki, Inna a kan kujerarta tana nuna musu inda suka tsallake. Aka ɗauke wankin motar shara daga bakin lambatu. Aka ajiye wa Bakanike durom na baƙin mai, aka fara haƙa wa Mahauci da Marini da Mai wanki ramukan zuba ruwansu. Bar-Mini ba a kore shi ba, don har yanzu babu mai son aikin, amma an karɓe usur. Inna kuwa ta daina zancen tafiya, sai zancen ranar da za a mayar da kifi.

Saura agwagi. Inna ta sa aka koro su har ƙofar gidan Yaya, duk sun rine ruwan hoda, suna tafe suna ƙwaƙ-ƙwaƙ. Ta dubi surukinta ta ce, "Malam, waɗannan kam na bar maka."

Ya samo ƙaton baho da sabulu, ya zauna a ƙofar gida ya wuni yana dirzar agwagi suna saransa. Da ya gama, ruwan bahon ya koma ruwan hoda mai kumfa. Ya ɗauka da ƙyar ya nufi lambatu, har ya karkata bakin bahon, sai ya ji gyaran murya. Ya ɗago kai. Mahauci na tsaye a ƙofarsa, Bakanike ya ajiye sifana, Mai wanki da Marini sun harɗe hannu, Mai shayi ma ya fito da butarsa. Ya juya zai shiga gida, Yaya ta tare ƙofa ta ce ba a tsakar gidanta ba. Ya nufi gindin bishiya, mai bishiyar ya leƙo ta taga. Ramukan hukuma kuwa ba a gama haƙa su ba.

Ya yi ta zagaye da baho a ƙirji har ya zo ƙofar shagona. Ya leƙo, ya sassauta murya yadda ba wanda zai ji.

"Ƙanina, don Allah, ina zan zuba?"

Na ci gaba da wasa askata a kan fata. Na ce, "Wannan ba tambayar da ake yi wa mai aski ba ce."